Dam Ɗin Challawa da Annobar Kacala: Idon da ke Sama Kyauta Ne, Mai Dubawa Ake Nema

Shekara talatin da 'yan kai ke nan tun da aka datse Kogin Challawa a ƙasar Ƙaraye. Hukumar WRECA ta Jihar Kano ce ta fara aikin, aka kammala shi a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya ce ke kula da shi. Bangon dam ɗin ya kai mita 42 a tsaye, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma idan ya cika yana riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, shimfiɗe a filin da ya kusa murabba'in kilomita 100. Idan aka ɗauke Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, babu wata madatsar ruwa a Jihar Kano da ta kai shi girma. Masunta da masu noman rani na Ƙaraye da Rogo da shi suka dogara, makiyaya a bakinsa suke shayar da dabbobinsu, sannan ruwan da ake saki daga gare shi yana cikin abin da ke kai wa famfunan birnin Kano, kafin ya haɗu da na Kogin Kano ya zama Kogin Haɗeja, ya nausa Jigawa da Yobe.

Dukiya irin wannan tana da maƙiya, kuma ba dukkansu ne ke zuwa da ƙara ba. Fashewar bango da ambaliya kowa na tsoronsu, domin suna zuwa dare ɗaya, gidajen rediyo su ɗauka, manyan jami'ai su kai ziyarar jaje. Ciyawar ruwa kuwa tafiyar hawainiya take yi, taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, har ranar da masunci zai wayi gari ya ga mashigar da ya gada daga mahaifinsa ta toshe. Abin da muke son jawo hankalin hukuma da masu karatu a kansa shi ne cewa a yau akwai hanya mai araha ta sa ido a kan wannan maƙiyi daga sararin samaniya, kusan kowane mako biyu, ko da rana ko da dare, ko da hadari ko da hazo, kuma hotunan kyauta ne ga duk wanda ya nema. Abin da ya rage shi ne a sami wanda aka ɗora wa nauyin dubawa, da kuma hanyar da labarin zai isa kunnen mutanen da ke zaune a bakin ruwan cikin harshen da suke ji.

Kafin a zo ga maganar na'ura, ya kamata mai karatu ya san girman ɓarnar, kuma ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga misali. Kafin a gina Tiga da Challawa, Kogin Haɗeja kogin damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sannan da rani ya janye, gindinsa ya bushe a wurare da dama. Wannan bushewar ita ce ke kashe saiwar ciyayin da ba sa rayuwa sai cikin ruwa, ita kuma ambaliyar damina ta share yashi da laka da suka taru a hanya. Da aka datse kogunan biyu sai tsarin ya juye. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya zama ba ya yankewa, saboda ana sakinsa domin birnin Kano da gonakin ban-ruwa na Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja. Ruwa mara zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa duk shekara, shi ne shimfiɗar da kacala take so, wato doguwar ciyawar nan da masana ilimin tsirrai ke kira Typha.

Kacala takan fi mutum tsawo. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana kuma yaɗuwa ta iska, domin kai guda na iya fitar da iri fiye da dubu ɗari. Inda ta kafu sai ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, lakar ta ba ta ƙarin wurin kafuwa, haka abin zai yi ta juyawa har kogi ya rasa hanyarsa. Abin da ya faru a fadamun Haɗeja da Nguru ke nan tun daga shekarun 1990. Tsofaffin rassan kogin, irin su Burum Gana, suka toshe, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, gonakin wasu suka nutse duk shekara, na wasu kuma a ƙasa, wajen Gashuwa da gaba, suka rasa ruwan da suka saba samu. Mutanen Guri da Kirikasamma da Nguru sun ga filayen shinkafa da wuraren su da makiyaya sun koma dajin kacala. Cikin wannan daji ne tsuntsayen jan-baki ke kwana suna hayayyafa, su fito da safe su afka wa gero da dawa da shinkafa. Cikinsa ne sauro ke samun mafaka, da kuma dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Abin takaici, wannan yanki ne da duniya ta amince da muhimmancinsa, domin tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun da Yarjejeniyar Ramsar ta keɓe.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu ɗora wa mutanen Ƙaraye da Rogo laifi ba. Su ma sun biya nasu kuɗin, tunda gonaki da ƙauyuka ruwan dam ɗin ya ci. Mun kawo shi ne don a fahimci cewa kogi jiki ɗaya ne. Hannun da ke juya ƙofar ruwa a Challawa yana da tasiri a kan abin da zai tsiro a Auyo da Guri, kuma duk shawarar da za a yanke kan yawan ruwan da za a saki da lokacin sakinsa tana buƙatar a san halin da kogin ke ciki tun daga kai har wutsiya. Haka kuma tafkin Challawa kansa ba shi da wata laya da za ta kare shi. Gefunansa marasa zurfi ne a wurare da yawa, zaizayar ƙasa na turo masa laka kowace damina, kuma yankin da ke zubo masa ruwa, wanda ya kusa murabba'in kilomita 4,000, ƙasar noma ce ta masara da dawa da rake, inda ake zuba takin zamani sosai. Abin da amfanin gona bai sha ba na yuriya da NPK ruwan sama ne ke wanke shi zuwa rafuka, rafukan su kai shi tafki. Takin da ke raya masara a tudu shi ne ke raya ciyawa a ruwa.

Bayan kacala akwai wata baƙuwa da ta fi ta saurin yaɗuwa. Bahaushe ya san kainuwa, har ya yi mata kirari da dashen Allah, saboda tana yawo a kan ruwa ba tare da ta kafa saiwa a ƙasa ba. To, akwai wata mai irin wannan hali da ta fito daga kwarin Amazon a Kudancin Amurka, mai kumburarren ƙara da kyakkyawan fure mai launin shunayya, wadda za mu kira baƙuwar kainuwa. Kyawun furenta ne ya sa aka riƙa ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta shigo Nijeriya a 1984 ta mashigar Badagiri daga Jamhuriyar Benin, kuma ba a daɗe ba ta bayyana a Kogin Kwara da tafkin Kainji. Idan ta sami ruwa mai ɗumi da taki takan ninka kanta cikin mako biyu, kuma irinta na iya kwanciya cikin laka shekaru masu yawa yana jiran dama. A tafkin Biktoriya, wanda Kenya da Yuganda da Tanzaniya suka yi tarayya a kansa, an fara ganinta a ƙarshen shekarun 1980, amma zuwa 1998 ta rufe fiye da hekta 17,000, ta tsayar da jiragen ruwa a tashar Kisumu, ta hana masunta fita, ta dami injunan wutar lantarki da ke Jinja. Guntun reshe guda da ya maƙale a jikin jirgi ko koma ya isa ya kai ta sabon ruwa, kuma masuntanmu mutane ne masu yawo daga Kainji zuwa Tiga, daga Tiga zuwa Challawa, daga nan zuwa Tafkin Cadi.

Yanzu bari mu dawo kan na'urar. Taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa iri biyu ne. Akwai masu aiki kamar kyamara, waɗanda ke dogaro da hasken rana. Irinsu ne Nijeriya ta mallaka ta hannun hukumar NASRDA, wato NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Matsalarsu ita ce girgije yana rufe musu ido, kuma lokacin da ciyawar ruwa ta fi bunƙasa, wato tsakiyar damina, shi ne lokacin da sama ta fi rufewa. Idan damina ta wuce kuma sai hazon hunturu ya dusashe hoton. Iri na biyu su ne masu aiki da rada, kuma kada a rikita wannan kalma da raɗa ta gulma, ko da yake ita ma sauraro ne aikinta. Rada ba ta jiran rana. Tauraron ne da kansa ke turo igiyar lantarki zuwa ƙasa, sannan ya saurari abin da ya dawo masa, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu da amsa-kuwwar kukansa. Wannan igiya tana ratsa girgije da hazo da duhun dare ba tare da wata matsala ba.

Yadda take gane ciyawa abu ne mai sauƙin fahimta. Ruwan da ke kwance sumul kamar madubi yake, idan igiyar ta faɗo masa a karkace sai ta zame ta yi gaba, ba ta komawa wurin tauraron, don haka a hoto sai ya fito baƙi. Ganyaye da karare kuwa sukan warwatsa igiyar, wani kaso ya koma sama, sai wurin ya fito da haske. Kacala da ke tsaye cikin ruwa ta fi kowa haske, saboda igiyar takan daki ruwan, ta daki karan, sannan ta koma inda ta fito. Idan aka jera hotunan wuri ɗaya na ranaku daban-daban, za a iya bambance ciyawar da ke yawo da wadda ta kafu, tunda mai yawo iska na kora ta daga wannan lungu zuwa wancan, mai saiwa kuwa tana nan inda take, sai dai ta ƙara faɗi.

Tarayyar Turai, ƙarƙashin shirinta na Copernicus, ta harba tauraron Sentinel-1A a watan Afrilun 2014. Irin wannan tauraro yana shawagi a nisan kusan kilomita 700 daga ƙasa, yana ɗaukar faɗin kilomita 250 a wucewa guda, kuma tauraro ɗaya kan dawo kan wuri ɗaya bayan kwana 12. A hotunan da ake rabawa, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Wato hekta ɗaya ɗigo ɗari ce, tafkin Challawa kuma idan ya cika ya kusa ɗigo miliyan guda, kowanne ana iya bin tarihinsa. Kwana 12 ɗin nan ya yi daidai da lokacin da baƙuwar kainuwa ke ɗauka kafin ta ninka kanta, don haka ba za ta yi nisa ba a gan ta ba. Hasali ma hotunan shekaru kusan goma da suka wuce suna nan ajiye, duk wanda ya so zai iya komawa baya ya ga yadda bakin ruwan Challawa yake a 2016, ya kwatanta da na bana. Shirin Digital Earth Africa ma ya riga ya tace waɗannan hotuna na nahiyar Afirka gaba ɗaya, ya ajiye su a intanet ba tare da neman ko kwabo ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce, an gwada an gani. Hotunan rada na cikin abin da masana suka yi amfani da shi wajen auna yadda baƙuwar kainuwa ta mamaye tafkin Biktoriya da yadda ta ja da baya bayan an saki wasu ƙwari masu cin ta. A jihar Kerala ta Indiya, masana daga Jami'ar Stirling ta Sukotlan tare da takwarorinsu na Indiya sun yi amfani da Sentinel-1 wajen gano ta a yankin tafkin Vembanad, inda damina ke rufe sama watanni a jere, suka buga sakamakon a 2022. Bugu da ƙari, a watan Yulin 2025 Amurka da Indiya suka harba tauraron NISAR, wanda igiyarsa ta fi ta Sentinel-1 tsawo, don haka ta fi iya kutsawa cikin duhuwar ciyawa ta gano ruwan da ke ƙarƙashinta. Ga wanda ke son sanin iyakar dajin kacala, wannan babbar garaɓasa ce.

Mun san akwai mai cewa, a ƙasar da asibitin ƙauye ba shi da magani, kuma manomi na neman kuɗin taki, maganar tauraron ɗan'adam almubazzaranci ne. Wannan ƙorafi yana da hujja idan ana maganar sayen tauraro. Amma a nan wasu ne suka saya suka harba, mu kallo kawai za mu yi. Abin da aikin ke buƙata bai wuce kwamfuta mai ɗan ƙarfi da intanet da ma'aikata biyu ko uku da aka horar ba, sai kuɗin man jirgi na zuwa tabbatar da abin da aka gani. A kwatanta wannan da abin da ake kashewa bayan ɓarna ta auku. Gwamnatin Jigawa ta sayi manyan injunan haƙa masu shiga ruwa domin buɗe Kogin Haɗeja. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya kashe maƙudan kuɗi wajen gyara magudanan ruwa na Kano da kwarin Haɗeja, kuma share kacala da laka na cikin aikin. Tun 2006 jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da wannan kwari. Duk wannan kuɗi da ƙoƙari za su fi amfani idan mai tuƙa injin ya san inda toshewar ta fi muni, kuma mai biyan kuɗin yana da hanyar tabbatar da cewa wurin da aka ce an share, an share shi da gaske, da kuma sanin wata nawa ciyawar ta yi kafin ta dawo. Wataƙila wannan fa'ida ta ƙarshe ita ce za ta sa wasu ba za su yi maraba da shawarar ba, domin hoton sama ba ya karɓar na-goro.

Sai dai adalci ne a faɗi inda rada ta gaza. Ba ta ratsa ruwa, don haka ciyawar da ke nutse a ƙasa ba ta ganinta. Iska mai ƙarfi takan tayar da igiyar ruwa, sai wuri ya fito da haske alhali babu komai a kansa. Ɗan ƙaramin curi da bai kai faɗin ɗaki ba zai iya ɓace mata. Haka kuma dogaro da kayan wani yana da nasa haɗari, kamar yadda aka gani a watan Disambar 2021 lokacin da Sentinel-1B ya lalace, aka zauna da tauraro ɗaya har sai da aka harba Sentinel-1C a watan Disambar 2024. Babbar gazawarta kuwa ita ce ba ta san sunan komai ba. Haske take gani da duhu. Gonar shinkafa a bakin ruwa da curin kacala da shimfiɗar burugu duk suna iya fitowa da kama ɗaya, alhali ga mutumin bakin ruwa bambancinsu kamar na dare da rana ne. Burugu abincin shanu ne da makiyayi ke nema ido rufe. Bado ana cin 'ya'yansa. Kainuwar gida an saba da ita tun kaka da kakanni. Jami'in da ya zauna a ofis a Kano ya ga haske a taswira ya aika a share, zai iya share abincin dabbobin wani.

A nan ne ilimin mutanen Ƙaraye da Rogo ya zama ginshiƙin aikin. Kafin kwamfuta ta iya rarrabe ciyayi, sai an koya mata da misalai daga ƙasa: nan kacala ce, nan burugu ne, nan shinkafa ce. Babu wanda ya fi masunci da makiyayi da manomin fadama iya wannan, domin harshensu ya riga ya rarrabe abin da na'urar ba ta rarrabe ba, kowane tsiro da sunansa, da lokacin fitowarsa, da amfaninsa ko cutarwarsa. Sunayen nan taska ce da ba a gama rubutawa ba, kuma suna tafiya tare da dattawan da suka san su. Aikin da zai haɗa masanin taswira da masanin tsirrai da masanin harshe a jirgi ɗaya da Sarkin Ruwa zai amfani kimiyya, ya kuma amfani Hausa. Masunci mai wayar hannu zai iya ɗaukar hoton baƙon tsiro ya aika ta WhatsApp tun yana curi guda, tun kafin ya kai girman da tauraro zai gan shi. Dokar da Jihar Kano ta yi a 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye, kuma tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa hanya ce da ta riga ta kai kowane ƙauye na bakin ruwa. Ba a buƙatar sabuwar hukuma.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ta mai da wannan aiki wani ɓangare na aikinta na yau da kullum. A riƙa fitar da taswira kowane wata, wadda za ta nuna faɗin ruwa da faɗin ciyawa a Challawa da Tiga, da kuma kogin tun daga Tamburawa da Wudil har Nguru, a kuma buga ta inda kowa zai gani. Taswirar da aka kulle a durowa ba ta da bambanci da wadda ba a yi ba. Sannan a riƙa duba ta idan za a tsara sakin ruwa, tunda tsarin sakin ne ya haifar da matsalar tun farko. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa kwaikwayon tsohon halin kogin gwargwadon iko, da ambaliya mai tsari a damina da ɗan lokacin bushewa a wasu rassa da rani. Ko za a yi haka ko ba za a yi ba, shawara ce mai wuya, domin birnin Kano na son ruwan sha, manoman Kura na son ruwan rani, mutanen ƙasa kuma na son nasu haƙƙin. Amma ya fi kyau a yi wannan muhawara da taswira a gaba, maimakon kowa ya zo da zatonsa.

Muna kira ga jami'o'inmu su karɓi ɓangaren horarwa da bincike. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin ƙasa da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna, Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil na zaune a bakin wannan kogi, Cibiyar Ƙasa ta Nazarin Hotunan Sama na Jos, Cibiyar Binciken Kifi kuma na Sabuwar Busa da gogewar shekaru a kan baƙuwar kainuwa a Kainji. Ɗaliban digiri na biyu da ke neman abin da za su rubuta a kai, ga shi a ƙofar gida. Muna kuma gargaɗi da kada a mai da shawarar nan kwangila. Ranar da aka ji an ware miliyoyi domin sayo na'urorin da za a jibge a wani ɗaki, a ranar aka kashe maganar.

Gidajen rediyon Kano ma suna da rawar da za su taka. Kamar yadda ake karanta farashin hatsi na kasuwar Dawanau, haka ya kamata a riƙa karanta halin da ruwa ke ciki cikin Hausa mai sauƙi: a wace mashiga ciyawa ta ƙaru, a ina aka ga baƙon tsiro, yaushe za a yi gayyar yanka. A koya wa jama'a abin da gwaji ya tabbatar, cewa kacala idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwarta kan shaƙe ta mutu, amma idan aka yanke ta a sama ko aka ƙone ta, sai ta sake tohowa. A koya wa masunta wanke jirgi da shanya koma kafin a shiga sabon ruwa. A tunatar da manoman Rogo da Ƙaraye cewa noma har cikin bakin rafi da sare itatuwan gaɓa su ne ke tura ƙasarsu da takinsu cikin tafki, asara biyu ke nan a lokaci guda.

Akwai kuma masu ganin ciyawar na iya zama dukiya. A Muritaniya da Senegal, inda dam ɗin Diama da aka kammala a 1986 ya jawo irin wannan annoba a Kogin Senegal, ana sarrafa kacala a yi gawayin girki. A nan gida, ƙarƙashin shirin TRIMING, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tare da wasu jami'o'in Sifen da Amurka sun gwada fitar da iskar gas ta girki da abincin dabbobi daga gare ta. Wannan abin a yaba ne, musamman a yankin da itacen girki ke ƙarewa. Amma duk mai son kafa sana'a a kanta zai fara da tambayar hekta nawa ce, a ina take, kuma wata nawa take yi ta sake girma. Amsar waɗannan tambayoyi ma tana cikin hotunan da muke magana a kai.

Mutanen Haɗeja da Nguru ba su sami wanda ya gargaɗe su ba lokacin da kacala ta fara shigowa, domin a wancan zamani babu wannan ido na kyauta, kuma sai da ta ci gonakinsu aka fara taruka a kanta. Mutanen Ƙaraye da Rogo suna da damar da waɗancan ba su samu ba. Tauraron zai ci gaba da wucewa ta saman Challawa yana ɗaukar hoto ko mun duba ko ba mu duba ba, kuma idan wata rana mashigun tafkin suka toshe, hotunan za su nuna watan da abin ya fara da shekarun da aka yi ana iya tare shi. Muna fata shugabannin hukumar kogunan da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Jihar Kano da Masarautar Ƙaraye za su zauna tun kafin damina mai zuwa, su ba wani takamaiman ofishi wannan aiki, da sunan wanda za a tambaya idan taswirar wata ba ta fito ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya kuma albarkaci ruwanmu da gonakinmu.